Allurar da Ke Rawa a Tsaye

"…da iyali? Ya mai tarin?"

"Lahiya lau, da sauƙi," in ji Hamadi, alhali babu wani sauƙi.

Baƙo, mai gyaran wutar mota a bayan tashar Arlit, ya goge hannu da tsumma yana ƙare wa taubashinsa kallo. Uwar Hamadi da uban Baƙo ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba sai wani ya sha zagi. Abin da ya ba Baƙo mamaki yau, Hamadi ya ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa can nesa a gindin bango, ya ƙaraso da ƙafa.

"Bawana, mi ya sa ka aje akwalar taka can? Kunyar a gan ka da ita kake?"

"Akwalar nan ta je Tchibarakaten ta komo. Kai ko Akokan nan kusa za ka sai an riƙe maka hannu."

"Ta je dai, amma a bisa wata motar ta komo."

Da a ce wata rana ce, da Hamadi ya rama har da riba. Yau bakin ne kawai ke wasa. Ya rage murya ya ce allurar kontar ce, wadda ke nuna gudu. In ana tafiya sai ta kwanta kamar gawa, in an tsaya aka bar makulli a kunne sai ta yi ta tsalle ita kaɗai. Kuma abin ya soma ne ranar da ya sayi wani faifan ƙarfe wurin 'yan gwangwan, mai walda ya toshe masa ramin da ke daɓen bayan motar.

Ba sai ya ƙarasa ba, Baƙo ya gane inda ya dosa. Hamadi ya daɗe yana tuƙi a ramin haƙar uranium. A can ya ga na'urar da ake kara wa ƙarfe, in ƙarfen ya kwashi abin nan da ba a gani, wanda suke ce wa zafi, allurarta ta dinga harbawa. A gari kuwa ana yawan raɗe-raɗin cewa irin wannan ƙarfe yakan ɓullo kasuwa. To ga shi 'yarsa Mina ba ta da wurin wasa sai bayan motar nan, can take dafa tuwon ƙasarta, can barci ke kwashe ta, kuma kwanan nan tari ya kama ta ya ƙi saki. Tsoron Hamadi ke nan: ko da hannunsa ya shimfiɗa wa 'yarsa cuta.

Baƙo ya yi dariya har da dafa bango.

"Ashe likita gare mu cikin dangi ba mu sani ba. Mu ɗinka ma akwalar farar riga, ta riƙa auna mutane a tasha."

"Ruwa ba shi tsami banza, Baƙo."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya ruga. Ɗan mace dai ɗan mace ne. Taho da ita."

Hamadi ya matso da motar. Baƙo ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu lau, yana yi yana cewa wayoyin motar nan ko saƙar gizo-gizo ta fi su tsari. Hamadi ya ce ai Baƙon ne ya yi aikin bara, gwano ne ba ya jin warin jikinsa. Sai Baƙo ya ce a kunna fitila. Ana kunnawa allurar ta yi sama kamar an tsikare ta, wadda ke nuna yawan mai kuma ta faɗi ƙasa. Gaban Hamadi ya faɗi tare da ita.

"Ka gani? Ƙaruwa yake."

"Na gani. Zafin naka shina tsoron duhu, sai an kunna mai fitila."

Ya jawo kwali ya shige ƙarƙashin motar. Hamadi ya tsuguna yana kallon ƙafafunsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Daga can ciki Baƙo ke bin wayar da ta taso daga giya, yana zagin mai walda, da wanda ya kai masa aikin, da wadda ta haifi wanda ya kai aikin, sai da Hamadi ya tuna masa gwaggonsa yake zagi. Can ya fito da guntuwar waya a hannu, robarta ta narke ta manne, jan ƙarfen a waje. Wutar walda ce ta gasa ta, ta kuma cinye wayar mas, wadda ke mayar da wuta jikin mota. Wuta ta rasa hanyar komawa, shi ne take bi ta cikin kontar.

Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe. Suka zagaya tasha, allura ta tashi a hankali, suka tsaya ta kwanta. Hamadi ya sauke numfashin da ya daɗe yana riƙewa, har ƙwalla ta taru masa.

"Ke nan ƙarfen ba shi da komi?"

Baƙo ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa. Ya ce allurar nan juyin taya kawai ta iya ƙirgawa. Da tana rawa ba ta ce akwai zafi ba, yanzu da ta daina ba ta ce babu ba. Murnar Hamadi ta koma ciki, tsoron ya dawo sabo. Baƙo ya ga fuskarsa, ya yi maza ya koma wasa, wai matsoraci irin wannan ko cokali ya gani sai ya nemi na'ura.

Sai Hamadi ya lura da wani abu. Tun ɗazu mutumin nan bai ɗora ko sifana ɗaya a bayan motar ba, shi da ke barbaza kaya ko'ina. Da zai shiga ƙarƙashi ma, ta ɗaya gefen ya zagaya.

"Jarumin dangi, hau ka zamna bisa ƙarhen, in kawo maka shayi."

"Wandona sabo ne."

"Wanga mai faci ukku?"

"Ƙugu ke mini ciwo."

"Mai kaza a aljihu ba shi jimirin as."

Baƙo ya dubi faifan, ya dubi Hamadi, ya fashe da dariya mai gajeren zango. Ya shiga cikin rumfa ya kinkimo murfin tsohuwar motar ubansa, wanda ya hana kowa taɓawa tun rasuwar tsohon, ya jingine shi jikin a-kori-kurar.

"Ka ci ni, bawa. Wanga dai mun san inda ya hito. Yau za a ɓamɓare wancan, a toshe ramin da wanga, shi kuma a kai wa masu na'ura su auna. Tahi ka ɗauko Mina mu kai ta likita."

Hamadi ya juya zai shiga mota, Baƙo ya riƙo hannunsa.

"A gaba za ta zamna, bisa cinyata. Kai ne mai tsoro, amma ni ma ɗiyata ce."