Lambun Da Ya Jawo Mini 'Yan Ta'aziyya

Ba na jin akwai ranar da zan manta da ƙarar nan: ƙas! Randarmu ce ta tsage wata safiya ina cikin wankin shinkafa, ruwa ya malale tsakar gida. Da na san abin da zai biyo baya, da a ranar na kwashe ta na kai bola.

Shekarar da aka fara kashe naira ce, watanmu huɗu da zuwa Zuru daga Birnin Kabi. Maigidana malamin gona ne, aka ba mu gida mai fili a gaba, babu katanga sai darni iya ƙugu. Muna tare da 'yarmu Hauwa'u, mai shekara biyar, da kuma surukata, Inna. Inna ba ta taɓa zagina ba, amma ba ta taɓa yaba mini ba. Na yi tuwo, na yi kitso, na yi wanki, iyakarta ta ce, "To." Ni kuwa burina a duniya in ji ta ce na kyauta, ko sau ɗaya.

Sai ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta yi kwanaki ba ta leƙo waje ba. Nan dabara ta faɗo mini. A sakandare malamarmu ta koyon aikin gida ta nuna mana yadda ake tsara lambun ƙofar gida: siririyar hanya, wurin shan iska, da fangalin furanni a tsakiya. (Ni na zo ta ɗaya a wannan darasin, don ku san ba da jahilci na yi ba. Da ilmi na yi.) Na ce in Inna ta miƙe, ta fito ta tarar da wurin zama kamar a littafi.

Ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, Malam da abokansa biyu suka tara mini ƙasa, tudu guda mai tsawo, kamar kamu huɗu. Washegari ya hau babur ya tafi rangadi Ribah. Sauran aikin ni na yi da hannuna. Na kewaye tudun da duwatsu, na shimfiɗa tsakuwa tun daga bakin darni har gabansa. Fasasshiyar randar na kife ta a can samansa don ado, na sayo ƙananan tukwane uku a kasuwa na jera kusa da ita. Na binne irin furanni, na koma gefe ina kallo ina yaba kaina. Safe da yamma nakan durƙusa da buta ina yayyafa ruwa, kuma da yake lokacin nake lazimina, bakina na motsi.

Sai unguwa ta canza mini. Yaran da ke shigowa wasa da Hauwa'u suka ɗauke ƙafa. Wani tsoho da ke wucewa gona ya tsaya a bakin darni, ya tuɓe hularsa. Na ce a raina, kai, mutanen Zuru sun san darajar lambu! Har maƙwabciyata Maman Ladi, matar wani kofur, wadda ba ta wuce ni ba tare da tsokana ba, ta gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa ta wuce.

Ranar Laraba da hantsi na ji sallama. Mata bakwai ne, Maman Ladi a gaba, da ƙwaryar dawa da tulun kunu, har da kaza. Na shimfiɗa musu tabarmi dab da tudun, don su gan shi da kyau.

"Maman Hauwa, sai haƙuri," in ji Maman Ladi.

Na ce, "Ai ba komai, aikin bai yi wuya ba."

Suka dubi juna. Wata dattijuwa ta girgiza kai. Maman Ladi ta ce, "Amma ba ki kyauta mana ba. Ko coci muke zuwa, ku kuna masallaci, ai rijiya ɗaya muke sha. Abu irin wannan ya same ki, ki yi shiru?"

"Wallahi ban so in ɗora muku wahala ba. Malam da abokansa suka haƙa, ni na ƙarasa."

"Ke kika ƙarasa? Ke kaɗai?"

"Har tukwanen ni na zaɓo."

Dattijuwar ta fashe da kuka. Ta ce, "Allah ya ji ƙan rai. Baƙunta ba daɗi."

Nan na ce a raina: Rai? Ran wa? Sai na tuna Malam da babur da hanyar Ribah. Na ce shi ke nan, labari ya iso gari, kowa ya ji ban da ni. Na ɗora hannu a ka ina salati, na rushe da kuka na haƙiƙa. Su kuma ganin na fara, sai suka taya ni. Mu takwas muna kuka, ni ina kukan mijina, su ban san na wa suke yi ba.

Ana cikin haka labulen ɗaki ya ɗaga. Inna ce, da sandarta, ɗankwali a karkace.

"Mi ya faru? Wa ya rasu?"

Ban taɓa ganin mata sun watse haka ba. Tulun kunu ya kife, kaza ta tsinke igiya, dattijuwar nan da ta shigo tana ɗingishi ta tsallake darni. Maman Ladi kaɗai ta tsaya, ta nuna tudun da yatsa.

"Inna, in ga ki nan, wa ke ciki?"

Na ce, "Furanni."

Sai a lokacin ta bayyana mini. A wurin kakanninsu Dakarkari, haka ake wa kabarin babban mutum: tudun ƙasa, a kewaye da duwatsu, a jera tukwane a kai. Sun ga maza na haƙa da sassafe, sun daina ganin tsohuwa, sun gan ni durƙushe ina zuba ruwa ina addu'a. Har yabona aka yi a unguwa, wai baƙuwa ce amma ta girmama surukarta irin na gari.

Inna ta dogara sanda ta bi 'yar hanyar tsakuwata a hankali, ta kewaya tudun, ta ƙare masa kallo. Ni kuwa ina neman ƙasa ta tsage in shige, ga ma wuri a shirye.

"Wanga nawa na?" ta ce.

"Inna, don ki riƙa shan iska na yi."

"Awo. Iska kam da na sha."

Ta juya ga Maman Ladi ta ce a kamo kazar, tunda dai an kawo ta, mai ita kuma tana da rai. Ta koma ɗaki, ba ta ko dube ni ba.

A ranar na kwashe tukwanen, na baje tudun da fartanya ina share hawaye. Da Malam ya dawo ya ji, dariya ta hana shi cin tuwo. Filin nan kuɓewa da yakuwa aka shuka a ciki, kamar gidan kowa. Tun daga nan na koyi cewa kafin ka yi wa ƙasar mutane kwalliya, ka fara tambayar masu ita yadda suke binne nasu.

Kwana uku ina kai wa Inna abinci kaina a sunkuye, na tabbata na gama zubar da ɗan mutuncin da nake da shi a idonta. A rana ta huɗu ina tsince kuɓewar iri, Hauwa'u ta fito daga ɗakinta da gudu, ta ja mini zane.

"Umma, Inna ta ce in gaya miki, wai in ta mutu da gaske ke za ki gyara mata nata. Ta ce hannunki na da kyau."