Miyar Kuka a Lagireto

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai Baffa Idi ɗaurin aure wani ƙauye bayan Maska ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba.

Bari in fara daga babur ɗin. Tun ina yaro ina jan shanun huɗa nake ganin malaman gona suna ratsa gonakin auduga a kan irin babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu, tayoyinsa kamar haƙoran kada. In ya gifta sai in saki igiya in bi shi da ido har ya ɓace cikin dawa. Shekara arba'in ina hawansa a mafarki. A mafarkin ba ya ƙara, ba ya shan mai, shawagi kawai yake bisa kunyoyi kamar shirwa, mutane suna ɗaga mini hannu daga ƙasa. Sai bara, da na sayar da masara, na ci karo da wani irinsa a Funtua, tsoho, ya sha duniya kamar ni. Na saya. (Matata Hajara ta dube shi, ta dube ni, ta ce Allah ya sa alheri da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu.)

Aibinsa ɗaya. Yana da lagireto mai ruwan sanyaya inji kamar mota, amma ba fanka. In kana gudu iska na sanyaya shi, in ka shiga laka kana tafiyar hawainiya sai ya ɗau zafi ya fara huci. Na kai shi wurin Ɗanlami bakanike, ya samo wata 'yar fanka kamar murfin kwano, ya ɗaure ta bayan lagireton, ya ja waya zuwa batir, ya sa mini makunni daidai babban yatsana. Da na danna ta fara juyawa, wallahi ji na yi kamar jirgin sama aka ba ni.

Daga nan ya ɗauko wata jarka mai koren ruwa, ya ce wannan ake zubawa, ruwan rijiya tsatsa yake kawowa. Na ce masa ni da rijiya a tsakar gida ba zan sayi ruwa a shago ba, ko wane launi aka sa masa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, babur ɗinka ne." Ya kuma nuna mini wani wuri da ke tsattsafo kaɗan-kaɗan, ya ce in dawo a liƙe. Na ce to. Ban koma ba.

Ana jibi ɗaurin auren ɗan ƙanena aka tafka ruwa, hanyar ƙauyen amarya ta lalace, mota ba ta shiga. Baffa Idi kuwa, ƙanin mahaifinmu, shi ne dattijon da ya rage mana, shi zai karɓa wa yaron aure, kuma dangin amarya sun ce sai shi. Ya haura tamanin. A gaban 'yan'uwa na bugi ƙirji na ce ni zan kai shi, kuma ko ɗigon laka ba zai taɓa rigarsa ba.

Da safiyar ranar na tarar yoyon ya ƙaru. Sai na tuna wani tsohon direban roka ya taɓa gaya mana a tasha cewa in lagireto ya yi yoyo a daji, garin kuka ake barbaɗawa, ya bi ruwa ya toshe kafar. (Lagireton motarsa ya kai ƙofar ɗaki, nawa bai fi allo ba. Wannan tunanin bai zo mini ba sai daga baya.) Na shiga madafa na dumbuzo cikin tafi biyu. Hajara ta tambaya, na ce harkar inji ce. Na dama a moɗa, na ɗura. Da na leƙa sai na ga ruwan ya koma kore shar, sak na jarkar Ɗanlami. Na tsaya ina murmushi ni kaɗai. Ashe abin da ake sayar mana ke nan.

Tafiyar nan, Allah ya sani, ban taɓa jin daɗi irinta ba. Baffa na bayana cikin farar shadda da ta sha bugu, turarensa na biyo iska. Hadari ya tafi, sama ta wanku, dawa ta fara fitar da kai, balbelu sun yi layi a gefen fadama kamar masu jiran gaisuwa. Na manta ciwon baya, na manta tsadar taki. Kowace korama muka tsallake sai in ji kamar tayoyin ba su taɓa ruwa ba. Can Baffa ya ce yana jin ƙamshin girki. Na ce ai mun kusa, matan gidan biki ne.

Ƙarshen hanyar laka ce zalla, don haka na danna fanka muka lallaɓa. Ga jama'a nan maƙil a ƙofar masallaci, kan tabarmi. Mai hankali nesa zai tsaya. Ni sai da na kai gaban sahu don kowa ya gani, kuma ban kashe ba, na ma ƙara murɗa mai sau biyu.

Baffa ya sauke ƙafa ɗaya, ya baza riga zai gyara, sai wurin yoyon nan ya ɓalle gaba ɗaya. Wani abu kore, mai kauri, yana tururi, ya yi tsartuwa, fankata kuma ta karɓe shi ta yi aikin da aka sa ta. Ta feshe Baffa daga aljihu har ƙasa. Ta sami wandona, ta sami takalman mutum huɗu. Na kai yatsa in kashe ta, na danna hon.

Ƙamshin da kowa ya sani tun yana goye ya cika wurin. Baffa ya dubi rigarsa, ya lakato kaɗan da yatsa, ya sansana.

"Yaro," in ji shi, ni da furfurata, "da ka gaya mini da miya za ka zo, ai da na taho da tuwo."

Liman ma sai da ya ja rawani ya rufe baki. Uban amarya ya shiga gida ya aro masa riga, ta tsaya masa a gwiwa, a cikinta ya karɓi auren. An ɗaura lafiya. Da aka shafa fatiha na ce zan mai da shi gida in an gyara, ya ce ya gode, amalanken shanu ya ishe shi.

Sau uku Ɗanlami yana wanke lagireton kafin ruwa ya fito fari. Jarkar nan kawai ya ajiye a gabana, na ɗauka, kaina a ƙasa. Hajara kuwa har yau in za ta kaɗa miya sai ta leƙo ta tambaya ko inji na da buƙata kafin ta ƙarar da garin kukar.

Ina nan ina hawan abina, mafarkin ma bai daina zuwa ba, sai dai yanzu masu ɗaga mini hannu daga ƙasa kwano nake gani a hannunsu. Abin da na koya bai da yawa. In mai sana'a ya yi shiru, sannan ya ce maka "babur ɗinka ne", kada ka tashi. Nemi benci ka zauna, ka tambaye shi abin da ya hango.