Ranar da Na Ba Su Fenareti a Ragarsu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Abdulkafi ba, ko da kuwa an biya ni in manta. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Sabha, ina karatun motsa jiki da wasanni. Zamani ne da kuɗin mai suka cika Libiya. Kamfanoni na gina filayen wasa a sansanoninsu na cikin sahara, suna neman masu horarwa da alƙalan wasa. 'Yan ajinmu kowa ya san inda ya dosa, sai ni.

Yau in ce koci zan zama, gobe malamin makaranta, jibi alƙalin wasa. Baba kuma yana ta nuna min shagonsa na yadi a unguwar Mahdiya, yana cewa, "Kai dai ka gama wannan karatun guje-gujen ka zo ka kama almakashi." Har abinci ya daina min daɗi.

Malaminmu, da muke kira Ustaz, ya taɓa faɗa mana cewa wajen yanke shawara wani tunani yake zurfafawa, wani zuciyarsa yake bi, wani sai ya tambayi kowa, wani kuma gudu yake. Sai ya dube ni ya ce, "Kai kam duk ka haɗa." (Ajin ya yi dariya, ni ma na taya su, amma abin ya zauna min.)

Shi ne ya samo min dama. Magina 'yan Nijar za su kara da 'yan kasuwa 'yan Najeriya a wasan ƙwallo, kuma wani jami'in kamfanin mai zai zo kallo don yana neman alƙali. Na yi wa kaina alkawarin ranar ba jinkiri. Na goge baƙar rigata, na lallaɓi Baba har ya zo ya zauna a gaba da abokansa.

Rabin farko kuwa na burge. Ina hura usur kamar an haife ni da shi a baki, har na ji Baba yana gaya wa na kusa da shi, "Ai yaron nawa ne."

Aka dawo daga hutu, aka canza gida. Ƙafafuna sun san an canza, kaina ne bai samu labari ba. Ƙwallo ta faɗo gaban raga, aka yi karo, wani magini mai suna Illo, mutumin Tawa, ya zube. Ban tsaya tunani ba. Na hura usur da ƙarfi, na ruga da hannu a miƙe ina nuna wurin bugu, ƙirji a gaba: "Fenareti ga Nijar!"

Golan Nijar ya dube ni, ya kira ni alƙali da Faransanci, ya ce, "Arbit, ragarmu ce fa. Mu buga wa kanmu?"

Illo ɗan baya ne, a gidansu ya faɗi, kuma da ɗan ƙungiyarsu suka yi karo. Wani ɗan Kano ya ɗaga murya, "Mun yarda, alƙali, a bar su su buga!" Dariya ta ɓarke har da masu kallo ta kan katanga. Jami'in kamfani ya juya yana tambayar Ustaz da Larabci me ke faruwa. Baba kuwa ya cire hularsa yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu. Hannuna na nan a miƙe, na rasa yadda zan sauke shi.

Ana cikin dariyar na lura Illo bai tashi ba. Ƙafarsa ta karkace ta inda bai kamata ba, abokansa biyu kuma sun kama ta za su ja. Ban san lokacin da na jefar da usur ba. "Kar wanda ya taɓa shi!" Na sa aka ɓallo katako biyu daga wani gini, na karɓi rawanin wani na ɗaure ƙafar, na nuna musu yadda za su ɗaga shi zuwa mota. Illo yana riƙe da hannuna yana cewa, "Ɗan'uwa, da ƙafar nan nake ci." A asibiti likita ya duba ɗaurin ya tambaya wa ya yi shi, ya ce da an ja ta da an sha wuya kafin ta koma daidai.

Kamfani bai ɗauke ni ba (ni ma da ni ne su, ba zan ɗauka ba). Amma washegari na shiga ofishin Ustaz na ce masa kula da raunin 'yan wasa zan karanta. Ya jira in ƙara da "ko kuma", ban ƙara ba. Shi ne aikina har yau, kuma ina alfahari da shi. Illo ya koma kan gini da ƙafafunsa biyu, duk da dai har na bar Sabha bai daina kirana Fenareti ba.

Abin da na koya: in kana neman sanin aikin da ya dace da kai, duba wanda hannunka ke yi ba tare da ya nemi izininka ba. In kuma ka nace sai ka nuna wa duniya kai mai saurin yanke hukunci ne, to ka fara tambaya ragar ta waye.