Dawowar da Ba Ta da Zuwa

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata mini safiya," in ji Malama tana cire takalmi a bakin ƙofa. "Ashe kana nan da rai, Tarago? An ce mini likita ya kwance maka ƙafa ɗaya."

"Ɗayar da ta rage ta fi ki sauri, Sifili. Wa ya buɗe miki ƙofa? Na hana a riƙa barin masu talla suna shigo mini gida."

"Da talla na zo, da kai zan fara sayarwa. Sai dai ban san wanda zai taya ba."

Haka suke gaisawa tun suna yara. Shi ɗan goggonta ne, ita 'yar kawunsa, kuma a shekara sittin da 'yan kai ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi. Ita ta laƙaba masa Tarago, domin tun yana ɗan ƙaramin abu in ya ɓace a tashar jirgin ƙasa ake samo shi. Shi kuma daga baya ya rama da Sifili, wai shekara talatin tana koyar da lissafi a firamare, abin da ta iya ba yara ke nan.

Ta same shi a ɗakin da yake gyaran agogo kafin idonsa ya gaza. Agogunan sun tafi, gwangwanayen madara sun maye gurbinsu, kowanne cike da tsofaffin tikiti, an manna masa shekararsa. A bango ga taswirar layin dogo da ya bi da jan biro har takardar ta huje a wurare biyu. Ƙafarsa ta hagu tana kan kujera 'yar tsugunno cikin doguwar safa ta asibiti. A bayan ƙofa kuwa ga jakar tafiya an riga an zuge ta, kuma jakar ce ta kawo Malama.

Matarsa ce ta kira ta da sassafe. Bayan aikin da aka yi masa a gwiwa jini ya daskare a jijiyar ƙafar, likita ya ce wata shida kada ya yarda ya zauna wuri ɗaya fiye da awa guda, in ba haka ba abin yana iya haurawa ƙirji. Shi kuwa ya je ya yanko tikitin ranar Asabar, tafiyar awa bakwai a zaune. Dalili kuwa, yana cikin wata ƙungiya ta tsofaffin da ba su da aiki sai ƙirga kilomitan da suka yi a jirgin ƙasa tun da aka haife su. Ƙarshen wata za su yi taron shekara, a kira sunan duk wanda ya cika dubu ɗari. Saura masa ɗari uku da saba'in da shida. Matar ta roƙa, 'ya'ya sun bugo waya, duk ya toshe kunne. Ta ce wa Malama ta zo don Allah, zaginta kaɗai yake ji.

Malama ta san roƙo ba ya shiga kan taubashinta, sai dai ya ƙara masa taurin kai. Don haka ta jawo kujera, ta ɗora tabarau a hanci, ta ce ya miƙo mata littattafan.

"Ki yi me da su?"

"In duba lissafin. Ba zan bari ka je ka kunyata dangi a gaban mutane ba. Mutumin da lissafin sau bakwai ya kayar da shi a aji uku, shi ne zai tara dubu ɗari?"

"Shekara arba'in da shida ina rubutu ban taɓa kuskuren kilomita ɗaya ba."

"Wa ya duba maka? Kai ne ɗalibi, kai ne malami, dole kullum ka zo na ɗaya."

"Ki wanke hannu tukuna. Waɗannan littattafan sun fi ki daraja a gidan nan."

"Sun dai fi ka hankali, tunda su suna zaune wuri ɗaya."

Littattafai goma sha ɗaya ne, kowane shafi an ja masa layi da rula: rana, daga ina, zuwa ina, kilomita nawa, sai fili na ƙarshe na abin da ya gani a hanya. Ta fara bi tana tarawa da fensir a gefen wata tsohuwar kalanda, tana karanto masa abin da ya rubuta da muryar mai labarai. A wani wuri saniya ta tsayar da su minti tara. A wani wuri wani fasinja ya ci ƙwai goma sha ɗaya bai yi wa kowa tayi ba. Ta ce lallai duniya za ta yi babbar asara ranar da gara ta cinye wannan ilimi. Ya ce ai gara ma ta fi ta sanin abu mai kyau.

Bakinta na zolaya, amma idonta na kan lambobi. Fatanta ta samu inda ya manta ya tara wani shafi, ko ya rage inda ya kamata ya ƙara. Har rana ta take ba ta samu ko ɗaya ba. Ja'irin tsohon, lissafinsa daidai yake kamar agogunan da yake gyarawa, kuma abin ya ba ta haushi ƙwarai.

A tsakiyar littafi na huɗu fensirinta ya tsaya. Ta koma shafin baya, ta dawo, ta sake komawa.

"Tarago, ashe kana da fukafukai ba ka gaya wa dangi ba?"

"Me kuma kika gani da idon nan naki na kifi?"

"Na ga ka dawo daga garin da ba ka je ba. Ga dawowa nan, kilomita ɗari huɗu da goma sha biyu. Ina zuwan? Aljanu suka kai ka, ko a ambulan aka aika ka?"

"A mota na je."

"Kai da kake amai tun kafin direba ya tada mota?"

"To a ƙasa na taka."

"Mutumin da ko masallacin unguwa sai ya huta sau biyu."

Ya miƙo hannu zai karɓe littafin, ta janye. A saman dawowar akwai layi ɗaya da aka tsallake, ba a rubuta komai a kansa ba, alhali mutumin nan ko gefen takarda ba ya bari ya tafi a banza. Sai a lokacin ta dubi kwanan watan da kyau, ta gane ranar.

Shekara talatin da huɗu ke nan. 'Yarta ta fari tana da shekara uku, ciwon ƙirji ya kama ta, asibitin garinsu suka ce sai babban asibitin yara na birni. Mijinta yana can wurin aiki mai nisa, ita kuma tana da ciki wata takwas, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Yarinyar ba ta iya numfashi a kwance, sai an ɗora ta tsaye a kafaɗa. Tarago ne ya rufe shagonsa ya zo ba tare da an aika masa ba. Jirgin ya cika maƙil, kujera ɗaya ya samu ya zaunar da Malama a kai, shi ya tsaya a tsakanin kujeru da yarinyar a kafaɗa, hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarfen sama. Tun fitowar rana har faɗuwarta bai sauke ta ba. Da suka isa asibiti sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓamɓare masa yatsu daga rigar yarinyar, don hannun ya sandare. Bayan kwana huɗu mijin ya iso, Tarago ya hau jirgi ya koma shagonsa. Yau yarinyar nan tana da 'ya'ya huɗu.

Kuma a duk shekarun nan Malama ba ta taɓa ce masa ta gode ba. Ba don ba ta ji ba. Ta ji har cikin ƙashinta, tana kuma sa shi a addu'a ba fashi. Amma bakin da ya saba da zagi, ranar da ya tashi godiya sai kunya ta riƙe shi, ta yi ta cewa gobe har goben ta tsufa.

"Me ya hana ka rubuta?" ta tambaya, wannan karon ba wasa a muryarta.

Ya kau da kai wajen taswira. Ya ce dokarsa ce, ba ya rubuta tafiya sai jirgi na cikin gudu, yana ganin turakun kilomita suna wucewa ta taga. Ranar nan kuwa hannunsa ba fili, kuma bai leƙa taga ko sau ɗaya ba. Numfashin yarinyar yake ƙirgawa. Tikitin ma bai san inda ya yar da shi ba.

"Tafiyar da ban gani ba, ba tawa ba ce," in ji shi.

"Ni na gani. Ƙungiyar taku ta marasa aikin yi, ba ta karɓar shaida?"

"Tana karɓa, in babu tikiti. Amma shaidar mutumin kirki."

"To ga ni."

"Ke da kika rantse wa Goggo ba ke kika fasa tulu ba, alhali hannun tulun yana hannunki?"

"Kai ka turo ni."

"Kin ji ko? Har yau ba ta tuba ba."

"Saurara, tsohon banza. Ɗari huɗu da goma sha biyu a cire ɗari uku da saba'in da shida, saura talatin da shida. Ka wuce dubu ɗari tun tafiyarka ta ƙarshe, wataƙila kana gyangyaɗi baki buɗe. Yanzu kuma za ka je ka kashe kanka neman abin da yake cikin ɗakinka." Ta cire tabarau ta ajiye. "Duk saniyar da ta tare muku hanya ta samu shiga littafin nan. Ranar da 'yata ta rayu ce kaɗai ka bari ba komai. In ka hau jirgin nan ranar Asabar, ka nuna mini ranar ba ta kai a ƙirga ta ba."

Ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa, ya jujjuya shi, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ko matarsa ba ta taɓa sa hannu a littattafan nan ba.

"Ki rubuta a hankali. Kada ki yi mini tafiyar kaza a shafi."

Ta gyara zama. Ta cika rana, ta cika daga ina zuwa ina, ta sa kilomita. Da ta zo fili na ƙarshe ta rubuta: "Ya tsaya awa goma sha ɗaya da 'yata a kafaɗa har ta rayu. Ni na gani. Na gode, ɗan Goggo." Ta sa hannu a ƙasa, ta tura masa littafin.

Ya kawo shafin dab da hanci ya karanta, ya sake karantawa. Ya share ido da bayan hannu, ya ce ƙurar gwangwanayen nan ce. Sai kuma dariya ta ƙwace masa, kafaɗunsa na girgiza.

"Na shiga jirage masu latti a rayuwata, Sifili. Akwai wanda ya shanya mu kwana biyu a tasha. Amma kalma biyu su yi shekara talatin da huɗu a hanya, wannan ke kika ci."

"Sun dai iso."

"Sun iso," ya ce. Ya rufe littafin a hankali, ya juya wajen ƙofar tsakar gida ya ɗaga murya. "Uwargida, zo ki kwance jakar nan. Ki kuma kawo wa wannan matar shayi a kofin baƙi na kirki, yau ɗaya dai."