Wutsiyar Cika-Ciki da Malamin Tsafta

Ba zan taɓa mantawa da cika-cikin shekarar da na fara aikin duba-gari ba, ko da yake na so ƙwarai in manta. Lokacin ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an ba ni kaki da dogon ludayin duba randa, ni kuwa gani nake duk birnin Kano ba wanda ya san tsafta sai ni. (Wata uku kacal aka koya mana aikin, amma in ka ji ni ina zuba sai ka rantse likita ne.)

Da Babbar Sallah, Baba ya yanka ragonsa a gidanmu na Gwammaja. Inna ta ware wutsiya yadda ta saba, za ta rataye ta saman murhu ta sha hayaƙi, sai sabuwar shekara ta kama a yi miyar cika-ciki da ita. Na ce ban yarda ba, hayaƙi ƙazanta ne, ga ƙuda. Na sa ta soya sama-sama, na ɗura a gwangwanin biskit tun da zafinta, na danne murfi, na tura ƙarƙashin gadona.

"Ɗan nan, nama ba ya son rufi da ɗumi," in ji Inna.

"Ku bar mini, Inna. Wannan aikinmu ne."

Bayan wata guda na buɗe. A ido lafiya lau, mai ya daskare a kai. Hancina ne ya gaya mini gaskiya, na kuma ji shi sarai. To amma in fita tsakar gida in ce Inna ta fi ni? Sai na wanke naman da kaina, na tula masa yaji da daddawa, na jefa a tukunyar miya kafin kowa ya matso.

Da aka zuba tuwo Inna ta sunsuna, ta ce ita haƙorinta ke ciwo, fura za ta sha. Baba ya dube ta, ya dube ni, sannan ya jawo akushi.

"Malamin tsafta ne ya ajiye. Wa ya isa ya ce wani abu?"

Ya ci ne don kada in ji kunya, ni kuma na ci ninkin nasa don kada a gane.

Washegari da hantsi aka tura ni unguwar Zaitawa in yi wa jama'a bayanin kiyaye lafiya a sabuwar shekara. Mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi, na miƙe da ludayina. Na yi maganar rufe randa, na yi ta share kwata. Ina isowa kan ajiyar nama (Allah shaida, daidai nan) sai cikina ya yi wata ƙara da har na bayan taro suka ji. Gumi ya keto mini. Na ce, "Duk naman da ya canza wari..." Ban ƙarasa ba. Na yar da ludayin, na tsallake wani dattijo, na faɗa gidan da ya fi kusa ko sallama babu.

Ashe gidan Iya Dudu ne, wata tsohuwa mai ƙosai da na taɓa kifar wa da randa gaban jikokinta, na ce banɗakinta abin kunya ne. Tana ganin yadda na riƙe ciki ta miƙo mini buta, ta nuna mini hanya.

"Shiga, Malam. Yana nan yadda ka bar shi."

Sau huɗu na shiga. A na ƙarshe kakin ma bai tsira ba, sai wandon marigayi mijinta ta ara mini, ta dafa mini ganyen gwaiba, ta sa aka ce wa mai unguwa a sallami mutane. Haka na ratsa lungu da wandon wani, dattawa suna ta "Sannu, Malam," kowa na danne dariya.

Ina ta tausayin kaina har na isa gida. Can na tarar da abin da ya fi. Baba na kwance a zaure, idanu sun faɗa, ko zama ba ya iyawa. Ni kwana biyu na warware, shi kuwa mako uku ya yi, ya tashi da sanda, bai kuma ƙara zuwa rumfarsa ta kasuwa da ƙafa ba. Duk mai zuwa dubiya sai Baba ya ce masa, "Tsufa ne." Ni kuma ina rakuɓe a gefe, ban taɓa buɗe baki na ce ba tsufa ba ne ba. Har ya rasu ban nemi gafararsa a kan wannan ba, kullum sai in ce gobe.

Shekara talatin na yi ina leƙa tukwanen mutane bayan haka, na kuma koya wa sababbin ma'aikata da yawa. In suka tambaye ni abin da ya fi muhimmanci a aikin, nakan ce musu abin da hanci ya ƙi, kada a sa masa yaji. Sukan yi dariya. Ni ba na yi.