Yadda Na Gano Wanda Ya Kashe Kakana Altine

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Bello a Kebbe ba. Ko na so mantawa, mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Lokacin kuɗin fetur ne, ina karatun malanta a Sakkwato. Na tara suma kamar kwando, ga wando mai faɗin ƙafa da ke share hanya, ga tabarau (idona lafiyarsa lau, gayu ne kawai). Wani malaminmu ɗan Indiya da zai koma ƙasarsu ya bar mini tulin littattafai, irin labaran nan na zamanin da: a yi kisa a fada ko a cikin ayari, kowa ya rasa gane kan abin, sai wani mai kaifin basira ya bi sawu ya fito da mai laifi. Littattafai ne masu daɗi, har yau ina cewa a karanta su. Ni ne dai suka shiga kaina ta baya. Duk wanda ya yi tari a gabana sai in ce yana ɓoye wani abu. Mutanen garinmu Tambuwal kuwa kallon tausayi nake musu, wai suna zaune a kan asirai ba su da kan tonowa.

A gidanmu akwai labarin da ba a son tayarwa. Kakata, Inna Kulu, tana da ƙane mai suna Altine, wanda ya fita tun yana saurayi, zamanin Turawa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A wani hutu na tsare tsohuwar nan da tambayoyi har ta yi kuka. Na samo cewa ganin ƙarshe da aka yi masa, yana tare da amininsa Labbo a hanyar Kebbe. Daga baya an ga jakinsa a gidan Labbo. Yarinyar da Altine ke nema kuma, Labbo ne ya aure ta. Na rufe ido na jinjina kai. Shekara da shekaru gari guda ya kasa, ni na gama a zama ɗaya!

Alhaji Labbo kuwa kakan Bello ne.

Ranar auren daga Sakkwato na wuce Kebbe kai tsaye, ban biya gida ba. Bayan an shafa fatiha aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fito da tuwo da fura. Na koma gefe na buɗe littafi, don a san ba ɗaya muke ba. Kusa da ni akwai wani tsoho baƙon fuska, da farar jallabiya da haƙorin Makka.

“Ɗana, mi kaka karantawa?” in ji shi.

Ai kamar jira nake. Na bayyana masa yadda ake gano mai kisa ko da an shekara ɗari da yin abin. Na ƙara da cewa mu nan sai dai a ce “ikon Allah” a ci gaba da shan fura. Sannan na ce ni kaina na warware wani tsohon kisa, na ba shi labarin Altine.

Tsohon ya aje ludayi. “Kashe shi anka yi?”

“Tabbas, Baba.”

“Subhanallahi! Da mi?”

“Da sanda. Ta baya.” (Wallahi nan take na ƙirƙiro sandar.)

“Bawan Allah! Ina anka rufe shi?”

Na ce a dajin da ke tsakanin Kebbe da Fakku, inda ba mai bi. Kafin nan mutane sun fara matsowa, ni kuma da na ga an yi tsit sai murya ta ƙara tashi. Na miƙe tsaye, na cire tabarau, na kawo maganar jaki, na kawo ta yarinya.

“To, wa ya yi wanga aiki?” in ji tsohon.

Nan ne mai hankali zai ce sai an jima. Ni kuwa na nuna da haɓa wajen da Alhaji Labbo ke zaune cikin dattawa, na ce, “A tambayi mai gidan nan inda ya samu jakin.”

Wani ya yi salati. Bello, da babbar rigarsa ta ango, ya tsaya da kwano a hannu yana dubana kamar bai taɓa sanina ba.

Tsohon ya ɗaga murya: “Labbo! Labbo! Taho ka ji, ashe kai ka kashe ni!”

Alhaji Labbo ya kara hannu a kunne. “Mi yac ce?”

“Wai da sanda! Ta baya!”

Dariyar da aka yi, har mata suka leƙo daga zaure. Ashe Altine ne. Yarinyar ce ta ce ba ta son shi a gaban ƙawayenta, kunya ta hana shi komawa gida. Ya bar wa Labbo jakin, ya bi masu tafiya Makka a ƙasa, ya zauna a Sudan har ya tsufa. A shekarar ya biyo jirgin alhazai ya dawo, ya sauka wajen amininsa. Tambuwal kaf an sani, har Inna Kulu ta zo ta gan shi. Ni kaɗai, babban mai bincike, ban sani ba.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta yi magana daga bayan ƙofa, matar Alhaji Labbo ce. “Ɗan wa na wanga mai suma?”

“Jikan Kulu na,” in ji Altine, yana share hawayen dariya.

“To, ku ba shi fura, karatu ya ƙona mai kai.”

Abin bai tsaya a dariya ba. Da Alhaji Labbo ya fahimci abin da na faɗa, ransa ya ɓaci ƙwarai, don kalmar kisa ba ta wasa ba ce. Washegari mahaifina ya sa ni gaba muka dawo Kebbe, na durƙusa a gaban dattawa na ba da haƙuri, bayan ya sa wanzami ya aske ni tas. Bello ya daɗe bai yi mini magana ba. Ƙanwarsa da nake ta shirin nema kuwa, ko gaisuwata ba ta ƙara amsawa ba.

Shi dai Kaka Altine bai riƙe ni ba. Har ya rasu, duk ranar da na je gaishe shi sai ya ce da mutane, “Ku ba shi wuri, ga wanda yar rufe ni.”

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka tashi neman wanda ya yi kisa, ka fara tabbatarwa akwai gawa. In kuma ka ƙi, to aƙalla kada ka zauna tabarma ɗaya da mamacin.