Rasuwar Uwar Ɗumi, Na'urar Ƙyanƙyasar Sha'aban

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci a toshe da tsumma, a wannan hantsi na Laraba da hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, Sha'aban mai ƙyanƙyasa na nan Azare yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa, wadda aka fi sani da Uwar Ɗumi.

Marigayiyar ta fara rayuwa ne a matsayin firij a gidan wani ma'aikaci. Da sanyinta ya ƙare, aka sa mata hita mai ba da ɗumi da 'yar fanka, ta koma renon ƙwai. Ba ta taɓa tashi daga kwanci don neman tsaba ba, ba ta kuma tambayar ƙwan wane ne. Da damina matan Chinade kan kawo mata ƙwan zabi a ƙwarya cikin dusa, tunda kowa ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce, in an ƙyanƙyashe a raba tsaki da Sha'aban. Maganarta ba ta da yawa. Fanka ta ce "fuuu", in ɗumi ya kai ta ce "ƙyas", ta yi shiru abinta.

Jinyarta ta samo asali daga taimako. Ikrima, ɗan ƙanen baban Sha'aban mai karatun kwamfuta, ya ce zaman gadin inji ya zama tsohon yayi. Ya cire abin da ke cewa "ƙyas" ɗin, wato mai kashe hita in ɗumi ya kai, ya haɗa marigayiyar da wani mataimaki na cikin waya, irin mai ƙirƙirarriyar basirar nan. Shi wannan mataimaki ba ya gani, ba ya jin zafi. Maɓallai biyu aka ba shi, na fanka da na hita, kowanne da bayanin aikinsa a rubuce, kuma abin da aka rubuta shi kaɗai ya sani a duniya. Ikrima ya rubuta na fanka cewa tana rage zafi. Da ya zo kan hita ana kiransa kallon ƙwallo, sai ya kwafo na fankar ya manna, wai zai gyara daga baya.

Kada a ce ba a duba ba, an duba. Ikrima ya ba wata manhaja bayanan ta auna kyansu, ta yaba Turancin, ta ce a taƙaice yake kuma babu kuskure. Aka yi gwaji kuma, sai dai ranar babu wuta a unguwa. Mataimaki ya danna wannan, waya ta ce an yi. Ya danna wancan, ta ce an yi. Marigayiyar tana tsaye a sanyaye. Ikrima ya ce ai yaya, yanzu ko Makka za ka je ka tafi. Sha'aban ba Makka ya nufa ba, Misau ya je bikin abokinsa.

A can yana cin shinkafar biki, waya tana ta gaya masa zafi ya ɗan hau amma an ɗauki mataki. Matakin kuwa hita ne. Duk sanda zafi ya ƙaru, mataimakin ya sake danna abin da aka rubuta masa yana sanyayawa, cikin ladabi da biyayya.

Wari ne ya tari Sha'aban tun daga bakin lungu. Ba zai bayyana abin da ya gani da ya buɗe ƙofarta ba, domin wasu za su karanta wannan suna cin abinci. Ya isa a ce robar cikinta ta narke, wayoyinta sun ƙone, ƙwai sun fashe suna tsiyaya, kuma ƙudajen unguwa sun riga kowa zuwa ta'aziyya. Da aka kira Ikrima, daga nesa ya tsaya, ya ce a gaskiya mataimakin bai yi laifi ba, umarni ya bi. Sha'aban bai musa ba. Ya dai roƙe shi ya matso ya riƙe buhu, Ikrima ya ce yana da darasi.

Yawancin ƙwan da suka tafi tare da ita na Inna Kellu ne ta Chinade, dattijuwar da in ta ce wa mata kada a sake kai wa yaron nan ƙwai, to sana'ar ta tashi ke nan. Marigayiyar ta bar mai ita, da fanka wadda ba a taɓa kira ba har aka gama, da 'yan ƙwan Inna Kellu da suka rage a ƙwarya saboda rashin wuri.

Za a binne ƙwan bayan la'asar a bayan gari, rami mai zurfi. Gawar kuma 'yan gwangwan za su ɗauka, in sun yarda. Babu zaman makoki, wurin ba ya zaunuwa. Daga nan Sha'aban zai hau acaɓa zuwa Chinade ya gaya wa Inna da bakinsa, kafin ta ji a kasuwa.

Masu zuwa su taho da tsumma, su kuma taka a hankali ta bakin shago. Ɗazu Madam Hanatu mai abinci ta shigo hancinta a rufe, ta ajiye kazarta mai kwanci a kwando, ta jera mata ƙwan da suka rage, ta koma kan tukunyarta. Kazar ta zauna.